Tozo Ɗaya, Alkawari Shida

Ni Zabeirou, mahauci ɗan mahauci daga Maraɗi, shekara goma sha ɗaya na yi ina fiɗa a Sabha, kuma na ga wauta iri-iri. Amma in ana maganar wautar da ta sa kwat ta hau keke, to mijin ƙanwata ne, Mainassara. Ku gyara zama ku ji, don ko yanzu da na tuno sai da jijiyar wuyana ta tashi.

Shekarun nan ne da rediyo ba ta da zance sai Afirka ɗaya. Ƙofar Libiya a buɗe, kowa da jakarsa yana shigowa. Unguwarmu Tayuri ta cika ta batse, ga 'yan Nijar, ga 'yan Najeriya, ga mutanen Gana da Mali da Cadi, kowa ya jera bulo ya ɗora kwano ya ce gida. Mainassara gadi yake yi a wani sito na siminti a unguwar Jadid, amma in ka ji shi a majalisar shayi sai ka rantse shi ne mudir, wato manajan wurin. Wata uku ya taɓa yi a Kumasi yana yi wa wani dakon goro, daga nan ya dawo da harshe bakwai, in ji shi. Abu uku yake so a duniya: kwat ɗinsa ruwan toka, rediyonsa mai kaset biyu, da kekensa mai ƙararrawa.

Ita kuwa Saoudé ƙanwata ce uwa ɗaya uba ɗaya. Shekara tara da aure ko ɓari ba ta taɓa yi ba, kuma ba irin maganar da ba ta sha ba a bakin famfo. Da Allah ya ba ta ciki, sai ta tattara abin da ta samu a wankau ta sayi ɗan rago, irin na ƙasar nan mai kitsen wutsiya. Kullum in ta dawo daga gidajen Larabawa tana ɗauke da buhun busasshiyar hubza, burodin nan nasu da suke zubarwa. Ta jiƙa ta ba shi, ta zauna tana yi masa hira. Ragon nan ya yi ƙiba har ni da nake mahauci in na shiga gidan sai na shafa bayansa na yi salati. Ta taɓa ce min, "Yaya, ranar da aka yanka wannan da sunan abin da ke cikina, ranar bakin mutane zai rufu." Wallahi da ta faɗa sai da na kau da kai, don idona ya kawo ruwa.

To, ana nan sai Mainassara ya je aski wurin Kwabena. Kwabena mutumin Gana ne, da malamin makaranta ne a ƙasarsu, a nan kuma yana aski a wata 'yar rumfa a unguwar Mahdiya, yana jin Hausar zango gwargwado. Ya tarar da shi yana cin shinkafa da wake. Kwabena ya turo kwano ya ce masa da Turanci ya zo ya yi *partake*.

Mai harshe bakwai bai taɓa jin kalmar ba. Amma ya ce, "Na san ta sarai, irin ta Kumasi ce ta ɗan bambanta. Tuna min."

Kwabena ya ce, "Wannan babban magana ne, na manya. In an aje abu, kowa ya sa hannu, kowa ya samu rabo. Abinci ne, ko biki, ko aiki. Kai kana ciki, ba kallo kake ba."

Shi ke nan, an ba mahaukaci sanda. Bakin Mainassara ya mayar da kalmar fatek, ya fito da ita gari. In an dafa shayi, "Ku zo mu fatek." In an kira salla, "Jama'a, a tashi a fatek," har sai da liman ya ce masa ya bar Turanci inda ake barin takalma. Ya ga ana faɗa a bakin famfo, ya shiga rabo, aka fasa masa leɓe, ya dawo yana cewa ai ya fatek ne. Kafin wata guda yara da manya sun daina ce masa Mainassara, sai Fatek, shi kuma yana amsawa yana gyara wuyan kwat.

Ranar wata Asabar Saoudé ta sauka lafiya, ta sami 'ya mace. Suna Asabar mai zuwa ke nan. Ranar Lahadi da yamma muna majalisa sai Mainassara ya miƙe tsaye, ya yi gyaran murya kamar mai karanta labarai.

"Rago yankan ƙananan mutane ne," in ji shi. "Ɗiyata a zamanin Afirka ɗaya aka haife ta. Raƙumi za a kayar, kowace ƙasa ta fatek."

Na ce, "Da wane arzikin? Da ƙararrawar keke?"

Ya ce, "Yaya Zabeirou, kai wuƙa ka sani, ni tsari na sani. Watanda za mu yi."

Watanda dai kowa ya san ta: a haɗu a sayi dabba, a yanka, a kasa naman kashi-kashi daidai, a jefa ƙuri'a, kowa ya ɗauki nasa. Ya ce raƙumi kashi bakwai ne, mutum shida daga ƙasa shida, shi na bakwai. Na yi dariya na sha shayina, don na san ba wanda zai biye wa Fatek. Ashe ban san sauran ba.

Kwana biyu ya yi yana zagaye gari a keke, kuma ga mamakina ya samu mutum shida. Kwabena ya shiga. Soumaïla magini, mutumin Gao, ya shiga. Abdoulkadri ɗan Cadi mai tuƙa tifa ya shiga. Haka wani Bakano mai gyaran takalmi, da wani Basudane mai gyaran rediyo, da wani Bamoshe mai aikin lambu. Kowanne in ka tambaye shi sai ya yi wani murmushi ya ce ai akwai magana tsakaninsa da Mainassara. Ban gane murmushin ba sai ranar Asabar.

Ranar Talata da safe Saoudé ta shiga wankan jego. Da ta fito, turke ba rago, sai igiya a ƙasa da kwanon jiƙaƙƙiyar hubza. Ashe Mainassara da ragon ya biya nasa kashin na watanda.

Da aka aiko min na zo a guje da wuƙa a ƙugu, na manta ban ajiye ta ba. Na tarar da ita zaune a bakin turken da jaririya a cinya. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi zagi ba, shi ya fi ba ni tsoro. Ta ce, "Yaya, da me za a raɗa wa yarinyar nan suna?"  Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa ji ba, na fita na zauna a ƙofar gida ina jiransa.

Azahar ta yi sai muka ji ihu daga bakin unguwa. Na leƙa, sai ga wani zabgegen amale yana tahowa, an lulluɓe bayansa da jan bargo, Mainassara a can sama da kwat yana ɗaga wa mutane hannu. Wanda ya sayar masa, wani tsohon Balarabe da kowa ke ce wa Haj a kasuwar raƙuma, shi ya ɗora shi ya miƙa masa akala. Abu ɗaya ya manta bai tambaya ba: yadda ake sa raƙumi ya gurfana.

Ya iso ƙofar gida ya ja akala. Raƙumi ya wuce. Ya yi masa Turanci, ya yi Faransanci, ya yi Larabci, raƙumi ya ci gaba da tafiyarsa. Na ɗaga murya na ce, "Sauko, munafuki! Ina ragon ƙanwata?"

"Ina zuwa, Yaya! Zagayen girmamawa nake!"

Sau huɗu suna wucewa ta gabana. A zagaye na biyu raƙumin ya shiga lungun su Soumaïla, inda wayoyin lantarki ke rataye ƙasa-ƙasa, kowa ya ja nasa daga na maƙwabci. Wuyansa ya kwashe su duka, wuta ta ɗauke a gida goma sha biyu, wata mata ta fito da ludayi tana tambayar uban wa ya kashe mata firji. A zagaye na uku ya fizge zanen da aka shanya ya tafi yana tauna. A na huɗu hular Mainassara ta faɗi, fuskarsa ta yi fari, ya daina ɗaga hannu ya rungume bargo.

Abdoulkadri yana tsaye yana dariya har da riƙe ciki. Na ce, "Kai da ka tashi cikin raƙuma, sauke shi mana."

Ya ce, "Bari ya ƙara fatek kaɗan."

Sai da aka kira la'asar ya kama akalar, ya yi wata 'yar ƙara da baki, ya taɓa gwiwar dabbar. Raƙumi ya gurfana da gaba farat ɗaya, Mainassara ya wuntsilo ta kan wuyansa ya dira cikin kwatami. Ya tashi yana karkaɗe kwat ya ce haka Buzaye ke sauka, wanda bai yi yawo ba ne bai sani ba.

Na shaƙe shi na tambaye shi rago. Ya ce rago ya zama raƙumi, ci gaba ke nan. Na sake shi don kada in yi kisa a makon haihuwa, na nufi dabbar in ga abin da aka saya. Haƙora sun cinye, idanu sun faɗa, shekarunsa sun isa ya je hajji da ƙafa ya dawo. Na kai hannu zan ɗaga bargon, sai Mainassara ya yi tsalle ya tare.

"Kada ka taɓa! Haj ya ce mura yake yi, kada a buɗe shi sai ranar yanka. Bargon ma kyauta ya ba ni, don ya ga ni babban mutum ne."

Na ce, "Kai ka ɗaga ka duba kafin ka saya?"

"Tsakanin manya ba a irin wannan binciken."

Cinikin biri a sama ke nan. Na tofar da yawu na ƙyale shi.

Sai shigar da shi gida. Ƙofar gidan ko jaki da kaya ba zai wuce ba. Mainassara ya sa aka rushe katangar gaba, da yake bulo ne kawai aka jera ba siminti, gidan ya koma fili, mai jego ta koma kewayawa bayan tabarma. Kafin Laraba ta faɗi amalen nan ya cinye buhu uku na hubzar da ragon ya bari. Ya zura kai ta taga ya shanye gasarar kunun mai jego. Ya shanye ruwan wankan da aka tara a duro, ya haɗa da ganyen da aka tanada. Matan unguwa da suka zo barka suna tsayawa daga nesa suna miƙo gaisuwa, don ya taɓa kama wata da mayafi. Shi kuwa maigidan yana can ya sa Kwabena ya rubuta masa sanarwa a jikin kwali, ya kai bakin titin Jadid inda 'yan aikin yini ke jiran mota ya kafa, wai duk ɗan Afirka ya zo Tayuri ranar Asabar ya fatek.

Ranar Alhamis da hantsi, bayan ya tafi gadi a ƙafa don gindinsa bai warke daga hawan raƙumi ba, Saoudé ta aika aka kira ni. Na tarar ta ɗaure rediyo da kwat cikin zane, ta jingine keke a gefe.

Ta ce, "Yaya, kai wa Balaraben nan. Ka ce ya ba ni ragona ya riƙe waɗannan."

Na ce, "In ya dawo ya tambaya fa?"

"Kwat yana wurin guga, rediyo yana wurin gyara, keke ka ara. Shi ya koya min ɗaukar kayan mutum yana banɗaki."

Na hau keken nan ina kaɗa ƙararrawa har kasuwar raƙuma. Na sami Haj a inuwar motarsa, ga ragonmu ɗaure a gefe ya rame don kewa. Haj ya kunna rediyo ya ji kaset biyu duk suna aiki, ya gwada kwat a kan jallabiyarsa, ya kaɗa ƙararrawa. Sannan ya ce ai ragon wani ya riga ya yi magana, amma zai duba. Na yi masa magiya da 'yar Larabcina, na ce mai jego ce, shekara tara tana jira. Ya shafa gemu ya karɓe kayan ya ce, "Gudwa, in sha Allahu." Wato gobe. Duk wanda ya yi aiki a ƙasar nan ya san goben nan tana iya kai shekara. Na dawo a ƙafa, ba rago ba keke, ina zagin kaina.

Juma'a ta zo ta wuce, ba Haj ba labarinsa. Saoudé ta tambaye ni da ido, na sunkuyar da kai.

Asabar da sassafe na fito na ga abin da ban taɓa gani ba. Tun daga inda katanga take a da har bakin famfo mutane ne, kowa da kwano ko leda, wasu ma ba mu taɓa ganinsu ba. Liman ya zauna a tabarma da dattawa, an ajiye dabino da goro. Mainassara ya fito da singileti da wandon kwat, yana leƙa ɗaki yana raɗa, "Har yanzu mai gugar bai kawo ba?"  Ya hau kan bulo haka nan ya fara jawabi.

"'Yan'uwa 'yan Afirka! Yau ranar fatek ce! Bature ya ce..."

Bai faɗi abin da Bature ya ce ba, don Soumaïla ya kutso da wata babbar roba ya dangwarar a gabana. Ya ce, "Zabeirou, in ka fiɗe, tozon a nan za ka sa. Mun gama magana da surukinka."

Bakano ya turo tasa robar. "Wane tozo kuma? Malam, tozon nawa ne. Da shi aka ja ni na shiga."

Kwabena ya ɗaga bokiti. "A'a, a'a. Shi ya ce min tozo na malami ne, don ni na koya masa magana."

Basudane ya taso, Bamoshe ya taso, Abdoulkadri ya zo da tukunya har da murfi. Mutum shida, mazubi shida, kowa an ja shi gefe an rantse masa cewa tozo nasa ne shi kaɗai, kada ya gaya wa sauran. A watanda kuwa ba a yi wa kowa alkawarin wani yanki, ƙuri'a ce ke rabo, ko yaron mahauta ya san wannan.

Suka yi masa zobe. Abdoulkadri ya ce, "Raƙumin naka tozo nawa gare shi?"

Mainassara ya ɗaga hannu biyu. "Ku kwantar da hankali. Ai ma'anar fatek ke nan, kowa ya..."

"Ni ba haka na koya maka ba!" in ji Kwabena. "Fatek rabo ne na gaskiya. Wannan sunansa ƙarya, kuma kowane yare yana da shi."

Na ce, "Ku dakata. Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Bari mu ga tozon da ake faɗa a kai."

Na kama jan bargon nan na fizge. Jama'a, ba tozo. Wata 'yar fata ce ta kwanta gefe guda kamar hular da aka zauna a kai, an cusa tsummokara da tsohon matashi a ƙarƙashin bargon don ya yi tudu. Matashin ya gangaro ya faɗi a gaban Soumaïla. Raƙumin ya waiwayo ya dubi bayansa, ya ci gaba da tuƙa.

Bakano ya ɗauki matashin ya ce, "To, a raba mana shida."

Dariya ta ɓarke har da masu faɗuwa. Mainassara ya ce ai raƙuman yankin nan na Fezzan da safe tozonsu yake kwanciya, in rana ta yi sai ya tashi. Abdoulkadri ya cire takalmi, sai da mutum uku suka riƙe shi.

Liman ya buga sandarsa a ƙasa aka yi shiru. Dattijo ne mai sanyin magana, mutumin Tawa. Ya ce, "Rana tana yi. Ina dabbar suna?"

Mainassara ya nuna raƙumi.

"Na wane ne?"

"Namu ne, Malam, mu bakwai. Afirka ce ta haɗu."

Liman ya girgiza kai. "Mainassara, ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Da ka tambaya da an gaya maka. Shayi ana tarayya, tuwo ana tarayya, watanda ana tarayya. Yankan suna ba a tarayya a cikinsa. Rai ɗaya aka ba ka, dabba ɗaya za ka kayar dominta ita kaɗai. Wannan ku ci namanku, amma ba na yarinyar nan ba ne. Akwai wata dabbar?"

Ba wanda ya yi dariya a nan. Daga bayan tabarma na ji matan bakin famfo sun fara ƙus-ƙus, irin wanda Saoudé ta sha shekara tara. Na ji wata ta ce, "Ayya, an samu haihuwar, an rasa na yanka." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Mainassara ya buɗe baki ya rufe, harshe bakwai ko ɗaya bai fito ba. Liman ya ce to sai a raɗa suna haka nan, yanka in Allah ya hore daga baya, ya ɗaga hannu zai fara addu'a.

Sai muka ji kiɗa. Wata tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya ce ke ratsa taron tana hon, rediyo mai kaset biyu a gaban gilashi yana ta waƙa. Ta tsaya, Haj ya fito da kwat ruwan toka a kan jallabiya, ya ɓalla maɓallan duka uku. A bayan motar ga ragon Saoudé yana kuka.

Haj ya ce tun da ragon nan ya zo hannunsa ya ƙi ciyawa, ya ƙi dusa, sai kuka, har mai sayen ya fasa. Ya ce dabbar da ba ta cin komai sai daga hannun uwar ɗakinta ba ta da amfani gare shi. Ya sauke shi. Ragon nan ya ratsa mutane a guje ya shige bayan tabarma, na ji Saoudé ta fashe da kukan da ta riƙe tun Talata. Ni ma na share ido da hannun riga, ba na jin kunyar faɗa.

Mainassara kuwa ba rago yake kallo ba. Ya nuna Haj da yatsa. "Wannan... wannan ai kwat ɗina ne! Da rediyona!"

Na ce, "Da keke. Yana gida wurin jikokinsa. Kashinka na watanda ke nan, yanzu da kayanka ka shiga."

Haj ya shafa wuyan kwat ɗin ya ce, "Bahi," wato madalla, ya ɗauki dabino ya zauna kusa da liman.

Na wasa wuƙa. Liman ya raɗa suna, Nafissatou, na kayar da ragon da hannuna aka shafa fatiha, mata suka rangaɗa guɗa har raƙumi ya firgita. Kitsen da na gani a cikin ragon nan ban taɓa ganin irinsa ba a Sabha. Bayan nan muka juya kan amale, ni da Abdoulkadri muka soke shi yadda ake yi, don taron nan ba ya watsewa da kwano wayam. Na kasa kashi bakwai, aka jefa ƙuri'a a gaban kowa, mutum shida suka ɗauki nasu suna gunaguni. Kashi na bakwai liman ya ce wanda ya kira mutane shi ke ciyar da su, aka zuba a tukunya aka raba wa masu kwano. Fatar tozon kaɗai ta rage, su shidan suka haɗa baki suka ce sun yafe wa Mainassara, aka ɗora masa a cinya.

Da azahar aka fito da soyayyen naman rago. Saoudé ce ke rabo daga bayan tabarma, kwano-kwano, tana faɗin mai shi. Na liman ya fito, na Haj ya fito, na Kwabena, na matan bakin famfo har da ƙari. Ni aka ba ni hanta. Mainassara yana zaune a kan bulo da singileti, ya wanke hannu tun ɗazu yana jira, yana gaya wa na kusa da shi cewa dama haka ya tsara, sai an girgiza jama'a suke gane haɗin kai. Kwano ya yi ta wucewa ta gabansa har aka ji ana kankare tukunya.

Ya matso kusa da ni ya rage murya. "Yaya Zabeirou, ko an manta da ni ne?"

Kafin in amsa sai muryar Saoudé ta fito daga bayan tabarma, a hankali, amma kowa ya ji.

"Yaya, tambayar min maigidan, tunda shi ne mai Turanci. Wanda ake ci yana kallo, yaya ake ce masa?"

Mainassara ya dubi Kwabena, Kwabena ya duƙufa a kan ƙashi. Ya dubi fatar da ke cinyarsa, ya sosa ƙeya.

Ya ce, "Ba mu kai nan ba a karatu."

Ta ce, "To yau ka kai."